Mutumin Sham da ke cikin zabirar mahaifina

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, ni kuma ina da ɗan shagon aski a unguwar Kudai ta Makka, wani abu ya same ni wanda har yau idan na tuna sai in rasa ko dariya zan yi ko istigfari. Yawanci dai haɗa su nake yi.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. A Makka aka haife ni. Iyayena ta ƙasa suka taho aikin Hajji tun suna sabon aure, suka ratso Sudan, suka tsallako teku, sai zama ya kama su. Mahaifina ya rasu ina ƙarami ƙwarai. Karatuna bai wuce firamare ba, daga nan aka kai ni wajen wani abokin sana'arsa na koyi riƙe aska. Waɗanda suka san ni sun san halina. Ni ne mutumin da zai idar da salla ya zauna yana tambayar kansa ko ya yi sujjada biyu a raka'ar farko. Idan na yi wa mutum aski ya tafi, sai in wuni ina tunanin ko na bar masa gashi a bayan kunne. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da abin ya faɗa wa.

Abin da mahaifina ya bar mana bai wuce zabirarsa ba. A cikinta akwai askake, da dutsen wasa su, da ƙaho, sai wani hoto naɗe a cikin farin ƙyalle. Hoton baƙi da fari ne, bai kai tafin hannu biyu ba. Wani farin saurayi ne a ciki, gashinsa baƙi wuluk ya sha mai, an ɗaga gaban an kwantar da shi baya, ya ɗan karkata kai yana murmushi da gefen baki. Tun da na yi wayo na san sunansa a gidanmu: mutumin Sham.

Labarinsa kuwa mun ji shi daga bakin mahaifiyata har mun haddace. Ta ce da suka iso Makka ba su san kowa ba, ga ta da tsohon ciki, a gindin wata katanga suke kwana. Mahaifina yana zama bakin hanya da askarsa. Wata rana wani Bashame mai sayar da yadi ya zauna aka yi masa aski, ya tambayi inda suke zaune, da ya ji sai ya ba su ɗaki a ƙasan gidansa, bai karɓi komai ba. A ɗakin aka haifi yayata. Daga baya ya koma ƙasarsu, sai labarin rasuwarsa suka ji. Mahaifina ya san sunansa, amma ita ba ta taɓa tambaya ba, don a lokacin ba a yi mata tarbiyyar tambayar sunan wani namiji ba. Bayan rasuwar mahaifina ta buɗe zabira ta ga hoton, ta ce ga shi nan.

Ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Wanda ya tashi a garin nan ya saba ganin Musulmi fari fat, daga Sham, daga Turkiyya, daga Buhara, wasu har da shuɗin ido. Ba wanda zai ga farin mutum a hoto ya ce ba Musulmi ba ne.

Mu mazauna Makka muna da wata dama da mutanen gida suke yi mana sha'awarta, wato yi wa mamaci Umara. Mutum zai fita zuwa masallacin Tan'im, ya ɗaura ihrami, ya yi niyya a madadin wanda ya rasu, ya dawo ya yi ɗawafi da sa'ayi, ya yi aski. Tun ina saurayi mahaifiyata ta ɗora mini wannan. Kowane azumi sai na yi wa mahaifina, sai kuma na yi wa mutumin Sham. Tun da ba mu san sunansa ba, ranar da zan tafi sai ta kwance ƙyallen ta miƙo mini hoton ta ce in dube shi da kyau kada in manta wanda zan yi wa. Ni kuma in dube shi, in ce to. Idan na isa Tan'im sai in rufe ido in kawo fuskarsa, in ce a madadin mai wannan hoton. Haka na yi ta yi har furfura ta fara fito mini.

A wata shekara, cikin watan Sha'aban, sai ta lura hoton ya fara tsagewa ta tsakiya. Ta ba ni ta ce in kai shagon hoto a lulluɓe shi da roba kafin azumi. A unguwarmu ta Zahir akwai wani shago, mai shi wani dattijo ne Bamisre, mai yawan surutu. Na miƙa masa da hannu biyu, na ce ya bi a hankali, amana ce.

Ya ɗora tabarau, ya kai hoton kusa da hanci, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya faɗi wani suna na Turanci, ya sake maimaitawa kamar mai kiran tsohon aboki. Ya ce tun yana yaro bai sake ganin wannan hoton ba, yayyensa mata har faɗa suke yi a kansa, ɗaya tana ɓoye shi a ƙarƙashin matashi. Ya tambaye ni ina na samo shi.

Na ce masa ya yi kuskure. Wannan wani bawan Allah ne mutumin Sham, ɗan kasuwar yadi, ya rasu tuntuni.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ya Hajji, in wannan ya taɓa auna yadi, to ni ma na taɓa tuƙa jirgin sama. Ɗan fim ne. Ba'amurke. A zamaninsa babu macen da ba ta san fuskar nan ba."

Na ce ai mutane suna kama. Bai yi gardama ba, sai ya nuna mini kusurwoyin hoton guda huɗu. Kowace da ɗan ƙaramin huji. Ya ce alamar ƙusa ce. A da masu shagon aski suna kafe irin waɗannan hotuna a bango, saurayi ya shigo ya nuna da yatsa ya ce irin wannan yake so. Sai ya tambaye ni mece ce sana'ar wanda ya bar hoton.

Na karɓi hotona na naɗe na fito. A bakin titi na tsaya, zafin rana yana dukana, amma jikina sanyi ƙalau. Ni wanzami, wanda na shafe rayuwata ina kallon gashin nan, har ina cewa a raina mutumin Sham ya iya gyaran kai, ban taɓa tambayar kaina ba me ya sa wanzami zai ajiye hoton kai mai kyau a cikin kayan aikinsa.

Ina da wani aboki ɗan Kano, ɗalibi ne a jami'a, yana karatun fiƙihu, yana zaune a unguwar Shisha da iyalinsa. A wajena yake saisaye. Ya iya Turanci, kuma yana da haƙuri da ni, ko da yake yana yawan ce mini Sarkin Waswasi. Na kira shi na ce ya zo shago, maganar ba ta waya ba ce. Da ya zo na faɗa masa sunan yadda kunnena ya kama. Ya ɗan yi ta gyara rubutun a wayarsa, sai ga hotuna sun cika fuskar wayar. Mutumin Sham a kan doki. Mutumin Sham a bakin ruwa babu riga. Mutumin Sham da sigari. Can ƙasa kuma ga namu, shi ɗin dai, da karkata kan, da murmushin gefen bakin.

Abokina ya yi ƙoƙari ya riƙe dariyarsa, amma da ya ji shekarun da na yi ina fita Tan'im, sai da ya fita waje ya dafa bango. Da ya dawo ya ga fuskata sai ya natsu.

Abin da ya fara zo mini shi ne wataƙila duka biyun gaskiya ne. Wataƙila ɗan fim ɗin ya musulunta, ya koma Sham, ya buɗe shagon yadi, ya zo Makka. Ai Allah yana shiryar da wanda ya so. Na roƙi abokina ya karanta mini tarihinsa daga haihuwa har mutuwa, kada ya tsallake komai. Haka muka yi kwanaki, bayan La'asar idan mutane sun ragu, yana zaune a kujerar aski yana karantawa yana fassara mini, ni ina tsaye da tsintsiya a hannu ina jiran in ji an ambaci Sham.

Ashe ɗan talakawa ne. Uban ya gudu ya bar su, uwar tana wanki da guga tana ciyar da shi. Ya yi ƙananan ayyuka, har da ɗaukar kaya, sai wani mai nemo wa kamfanin fim sababbin fuskoki ya gan shi. Abu na farko da suka yi masa shi ne sauya suna, wai nasa bai yi daɗin faɗa ba. Suka gyara masa haƙora, suka koya masa tafiya da magana, suka zaɓa masa yadda zai riƙa taje kai. Har macen da za a gan shi da ita a wajen biki su suke zaɓa. Abokina ya ce ba wai ya fi kowa iya wasan ba ne, fuskar ce kawai. 'Yan mata suna yi masa ihu a titi, suna yaga masa riga, wasiƙu suna zuwa buhu-buhu.

A nan na tsayar da shi. Na ce to sunan da Bamisren ya faɗa mini ma ba nasa ba ne ke nan. Ya ce haka ne. Na ce ashe mutumin da ba mutumin Sham ba, shi ma ba shi ba ne. Abokina ya ce in bar shi ya ƙarasa kafin kansa ya yi ciwo.

Rana ta uku ko ta huɗu, yana cikin jan hotuna da yatsa, sai na hango wani. Na riƙe hannunsa. Mutumin ne, da rawani, da alkyabba, ga raƙumi a bayansa, ga rairayi. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Na ce alhamdulillahi, ga shi nan a ƙasar Larabawa, na faɗa maka. Har na fara waige-waigen inda zan yi sujjadar godiya.

Abokina ya ce, "Wanzam, zauna. Fim ne. Rawanin na kamfani ne, raƙumin haya aka yi, rairayin ma na ƙasarsu ne."

Don ya gamsar da ni ya kunna mini ɗan guntun fim ɗin. Ni ban taɓa shiga gidan silima ba, a lokacin ma babu shi a ƙasar. Sai ga mamacin da na yi shekaru ina nema wa rahama yana tafiya, yana ɗaga gira, yana magana. Muryar ce ta fi ruɗa ni. Duk rayuwata a kunnen zuciyata da Larabcin Shamawa yake magana, a hankali, irin na dattawan kasuwa. Wannan kuwa Turanci ne ta hanci. Can sai wata mace ta fito da tufafin da ba su kai a kira su tufafi ba, ya jawo ta jikinsa. Na kife wayar a kan tebur na ce ya isa.

Ƙarshen tarihin bai da daɗi. Ya yi aure ya rabu, ya sake yi ya sake rabuwa. Da shekaru suka ja, sai kamfani ya samo wasu samarin. Ya koma fitowa a ƙananan wasanni, sai tallan kaya, sai shiru. Abokina ya nuna mini hotonsa na tsufa, fuska ta kumbura, gashin nan ya zube, an shafa wa sauran baƙin rini. Da a titi na gan shi ba zan gane shi ba. Ya mutu a wani gida shi kaɗai da mai yi masa hidima. Babu Sham a ciki, babu Makka, babu kalmar shahada. Na ji tausayinsa ya kama ni, sai kuma na shiga damuwar ko ya halatta in ji tausayin.

Daga nan muka shiga maganar hukunci. Abokina ya ce ba a yi wa wanda ba Musulmi ba Umara, wannan babu saɓani. Amma ni ba ni da laifi, tun da ban sani ba, kuma in Allah ya so ladan yana wajen wanda ya ba iyayena ɗaki, don shi nake nufi. Na ce a'a, abin da na riƙa faɗa shi ne mai wannan hoton. Ya ce wa nake nufi da mai hoton. Na ce wanda ke cikin hoton. Ya ce don me nake yi masa. Na ce don ya ba iyayena ɗaki. Ya ce to shi ke nan. Na ce amma ai bai ba su ba. Ya ce wa. Na ce wanda ke cikin hoton. Mun zaga wannan da'irar har aka kira Magariba. A ƙarshe ya ce Allah bai ruɗe ba, ni ne na ruɗe, in bar wa Allah rabon lada.

Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali a kan abin da ya wuce. Abin da ke gabana shi ne ya hana ni sukuni. Azumi ya kusa. Mahaifiyata za ta kwance ƙyalle, ta miƙo hoto, ta ce wannan za ka yi wa. In na ce to, na yi mata ƙarya, da azumi a bakina. In na faɗa mata gaskiya, tsohuwa ce mai hawan jini, kuma wannan hoton ta fi shekara arba'in tana yi masa addu'a.

Abokina ya ce kada in faɗa. In karɓi hoton, in dube shi, in je Tan'im in gyara niyyata ni kaɗai. Matata ma haka ta ce, har ta ƙara da cewa idan na tayar wa tsohuwa da ciwo a kan wani ɗan fim da ya mutu, ita babu ruwanta. Na yarda da su da rana. Da na zo salla sai in ji ban yarda ba. Na gwada yadda zan ce to ɗin a zuciyata ina nufin wani abu dabam, sai na ga wannan ma yaudara ce mai ɗaure da rawani. Na yi tunanin in ce hoton ya ɓata, wannan kuma ƙarya ce tsagwaronta. Sau biyu mahaifiyata ta tambaye ni ina hoton, na ce ban ba su sun yi ba tukuna. Gaskiya ce, amma kowane lokaci sai na ji kamar na saci wani abu.

Azumi ya kama, na yi Umarar mahaifina a makon farko. Wata rana da La'asar na shiga ɗakin mahaifiyata na tarar tana zaune a ƙasa tana naɗe sambusa. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce goman tsakiya ta shiga, yaushe zan yi ta mutumin Sham, kuma ina hotonsa. Ban shirya faɗa a ranar ba. Kawai na ji na zauna a gabanta, na fito da ƙyallen daga aljihu, na ajiye.

Na ce, "Inna, akwai magana. Wannan hoton ba mutumin Sham ba ne."

Ta ci gaba da naɗin. Ta ce wa ya faɗa mini. Na ba ta labarin Bamisre, da hujin ƙusa, da abokina. Na buɗe wayata na nuna mata hotunan da ya turo mini, na tsallake na bakin ruwa. Ta goge hannu, ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta.

"Ai shi ne," in ji ta.

"Shi ne, Inna. Amma ɗan wasan kwaikwayo ne na Amurka. Bai taɓa zuwa nan ba."

"To uban wa ya sa shi a zabirar ubanka?"

Na ce ina jin don askin ne. Can ta ce a Sudan, kafin su tsallako, mahaifina ya yi 'yan watanni yana aiki a shagon wani mai aski a bakin teku, kuma bangon shagon duk hotuna ne. Ta faɗi haka a hankali, kamar ba da ni take ba.

Na tambaye ta, cikin ladabi iyakar iyawata, ko ba ta ga fuskar mutumin Sham ba ne a lokacin. Ta harare ni. Ta ce ita yarinya ce mai sabon aure, za ta tsaya ƙare wa namiji kallo? Sau ɗaya ta hango shi ta tsagar ƙofa yana magana da mahaifina, fari ne, mai baƙin gashi. Sau ɗaya kuma ranar suna ya miƙo tiren dabino, hannunsa kawai ta gani da takalmansa. Ta ce da mahaifina ya rasu ya bar ta da yara a ƙasar da ba tata ba, ta buɗe zabira ta ga farin mutum mai baƙin gashi an adana shi da kyau. Wane farin mutum mijinta zai adana in ba wanda ya rufa musu asiri ba?

Sai ta rufe ido. Ta daɗe a haka, hannunta a kan gwiwa, garin fulawa a yatsunta. Na san abin da take yi, tana neman fuskar da ta gani ta tsagar ƙofa. Da ta buɗe ido sai na ga sun yi ja.

"Babu," ta ce. "Da ina da ɗan abin da na gani. Wannan ya zauna a kai ya danne. Yanzu ka ce ba shi ba ne, ka ga ba ni da kowa ke nan."

Ban taɓa jin na yi wa mutum ɓarna irin ta ranar ba. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta jawo hoton ta dube shi, ba irin kallon da ta saba ba, irin kallon da ake yi wa baƙon da aka tarar a tsakar gida. Ta ce in ba ta labarinsa. Na ba ta yadda abokina ya karanta mini, uwar mai wanki, sauya sunan, 'yan matan, tsufan. Ba ta tambayi komai a kan fim ba. Abin da ta tambaya shi ne ko uwar ta rayu ta ga arzikinsa, kuma da ya mutu wa ya tsaya a kansa. Na ce ban sani ba, ba a rubuta ba, ko an rubuta abokina bai karanta mini ba. Ta ce duk matan nan masu ihu. Ba ta ƙarasa ba.

Ta naɗe hoton ta tura shi ƙarƙashin tabarma, ta jawo tiren sambusa. Ta ce gobe in tafi Tan'im. Ɗakin dai an ba su, yayata a cikinsa aka haife ta, wannan ba fim ba ne.

Washegari bayan Asuba na tafi. Na yi wanka, na ɗaura ihrami, na yi nafila, na tsaya zan yi niyya. Na tsara abin da zan faɗa tun a mota: a madadin bawanka da ya ba iyayena ɗaki, Kai ka san shi. Na rufe ido kamar yadda na saba. Ina rufewa sai ga shi, da gashinsa mai mai, ya karkata kai yana murmushi. Na buɗe da sauri. Na yi a'uziyya na sake rufewa, sai ga shi da rawani. Na ƙura wa bango ido na faɗi niyyar ido buɗe, sai na shiga shakkar ko zuciyata ta bi bakina. Na tsaya a wurin har wani alhaji da na tare wa hanya ya dafa kafaɗata ya ce in matsa. Da wannan dafawar na kama talbiyya na fita, don na san in na ƙara tsayawa sai Azahar ta same ni a nan.

Na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, wani abokin sana'a ya sauke mini gashi a kusa da Marwa. Na koma gida da rana tsaka, ƙafafuna suna zogi. Mahaifiyata tana kishingiɗe da carbi. Ta yi mini sannu, ta ce Allah ya karɓa, sannan ta tambaye ni wa na yi wa.

Na ce, "Wanda ya ba ku ɗaki."

"Da ka rufe ido, wa ka gani?"

Na so in yi shiru. Na ce, "Wancan ɗin, Inna."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ta yi ba, har tari ya sarƙe ta, na rasa yadda zan yi tun da ba halin ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta share ido da gefen mayafi ta ce ita ma da Asuba ta ɗaga hannu za ta yi wa mutumin Sham addu'a, ɗan banzan nan ya zo ya tsaya mata yana murmushi.

Ta ƙara 'yan shekaru a duniya bayan wannan. Ba ta sake kwance ƙyallen a gabana ba, kuma ba ta ce a jefar ba. Idan azumi ya zo sai dai ta ce kada in manta da bawan Allah mai ɗaki.

Har yau ban san ko na kyauta da na faɗa mata ba. Abokina, da ya gama karatu ya koma Kano, idan muka yi waya yana cewa da na bi shawararsa da tsohuwa ta tafi da abinta cikin kwanciyar rai. Wani lokaci ina ganin gaskiyarsa. Wani lokaci kuma ina tuna cewa ban taɓa ce mata to a kan abin da ba shi ne a raina ba, sai in ji sanyi. Ba na iya riƙe ɗaya daga cikin biyun ya kwana.

Abin da dai na lura da shi, mutum biyu ne suka ratsa gidanmu. Ɗaya duniya duk ta san fuskarsa, amma ko sunan da ake kiransa da shi ba nasa ba ne. Ɗaya ya yi mana alherin da muke ci har yau, ba mu da sunansa, ba mu da fuskarsa, sai hannu da takalma. Yanzu Umara uku nake yi a azumi, ta mahaifina, ta mahaifiyata, da tasa. Idan na zo tasa, ido buɗe nake niyya, ina kallon ƙafafun mutanen da ke wucewa.